Likitan Soja Ya Ce Ban Dace Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gwajin Lafiya da Neman Sassauci

Duk shekarar da aka karanta sanarwar ɗaukar sojoji da jandarmomi a gidan rediyon gwamnatin Kamaru, wato CRTV, titunan Garwa da Marwa da Ngaundere sukan cika da samari masu gudun asuba, kowa yana gyaran ƙafa da numfashi. Kaɗan ne daga cikinsu suke tunawa cewa akwai ranar da gudu ba zai yi musu amfani ba, wato ranar da za a ɗebi jininsu da fitsarinsu a kuma ɗauki hoton ƙirjinsu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda samari da iyayensu suka fi yawan kawowa, musamman tun da maganar sassauci ta fara yawo a wayoyi.

Mene ne wannan sassaucin da ake magana a kansa, kuma daga ina maganar ta fito?

Maganar ta fito ne daga tsarin sojan Amurka. A can, Ma'aikatar Tsaro tana da doguwar takarda mai lamba 6130.03 wadda ta jera cututtuka da naƙasun da ke hana mutum shiga soja. Idan likitan cibiyar tantancewa ya sami ɗaya daga cikinsu a jikin mai nema ko a tarihin lafiyarsa, sai ya rubuta cewa bai cika sharaɗi ba. Amma wannan hukunci ba shi ne na ƙarshe ba, domin rundunar da mutumin yake son shiga tana da ikon ta duba takardunsa ta ce, ko da yake ƙa'ida ta hana, ta gamsu cewa wannan matsalar ba za ta hana wannan mutumin aiki ba. Wannan ɗaga ƙafar ita ce sassaucin. Ba haƙƙin kowa ba ne, ba a biyan ko sisi a kansa, kuma likitocin rundunar ne suke yanke shi, ba jami'in da ke karɓar takardu ba.

To a nan Kamaru fa? Idan aka rubuta mini "inapte", wato ban dace ba, zan iya neman a sassauta mini?

Kada ka gina shirinka a kan haka. Ɗaukar soja a nan gasa ce, kuma masu ajiye dosiye, wato takardun neman shiga, sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba. Amurka tana sassautawa ne domin sau da yawa ita ce take neman mutane ba ta samu isassu ba. Hukumar da ke da ɗaruruwan samari lafiyayyu a layi suna jira kuwa, ba ta da dalilin da zai sa ta ɗauki mai matsala ta bar marar matsala.

Ko a Faransa, wadda ƙasashenmu suka gaji yawancin tsarin sojansu daga gare ta, abin da ake kira "dérogation" an tanade shi ne musamman domin sojan da ya riga ya shiga aiki, sannan ciwo ko rauni ya same shi, ana so a ci gaba da amfana da ƙwarewarsa a wani aikin da jikinsa zai iya. Sabon mai nema bai tara wannan jarin ba tukuna. Saboda haka tambayar da ta fi amfani gare ka ba ita ce yadda za a ɗaga maka ƙafa ba, a'a, ita ce ko abin da aka gani a jikinka yana warkewa kafin gasa mai zuwa, kuma ko shekarunka za su ba ka damar sake gwadawa. Iyakar shekaru da tsawon jiki da takardar karatun da ake bukata duk suna cikin sanarwar kowace gasa, kuma ita ya kamata ka karanta da idonka, ba abin da aka ce an ce a majalisar shayi ba.

Me likitan soja yake dubawa?

Hanya mafi sauƙi ta gane tunaninsa ita ce tsohon ma'aunin sojan Faransa mai suna SIGYCOP, wanda kowane harafi a cikinsa yake wakiltar wani sashe na jiki. S kafaɗu da hannuwa ne, I ƙugu da ƙafafu, G lafiyar jiki gaba ɗaya, Y idanu, C bambance launuka, O kunnuwa, P kuma lafiyar ƙwaƙwalwa da natsuwa. Kowane harafi ana ba shi maki, kuma ƙaramin maki shi ne mai kyau: 1 yana nufin babu matsala, abin yana muni yayin da lambar take hawa. Kowane irin aiki yana da iyakar makin da yake karɓa, shi ya sa idon da ya isa mai aikin ofis ba zai isa matuƙin jirgin sama ba, gwiwar da ta isa direba kuma ba za ta isa mai sauka da lema ba.

A aikace gwajin yakan zo hawa-hawa. Da farko awon tsayi da nauyi ne, da duba jiki tsirara, da haƙora, da gani, da awon tansiyo, wato awon hawan jini. Wanda ya tsallake wannan shi ne yake kaiwa ga gwajin jini da fitsari da hoton ƙirji. Da yawa sukan yi murna da wuri bayan hawan farko, alhali abubuwan da suka fi kayar da samarinmu ba a ganinsu da ido.

Ashe akwai bambanci tsakanin rashin dacewa na ɗan lokaci da na dindindin?

Akwai, kuma idan ka sami damar yin tambaya guda ɗaya tak ga likitan, to wannan ce. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, rauni sabo, karayar da ba ta gama haɗewa ba, ruɓaɓɓen haƙori, tarin fuka da ake kan shan maganinsa na wata 6, duk waɗannan suna wucewa. Farfaɗiya, ciwon suga mai bukatar allura, sikila, ciwon zuciya, rashin ido ɗaya, ƙafar da shan inna ya taɓa, waɗannan kuwa ba sa wucewa, kuma wanda ya ce maka zai iya share su daga takarda, kuɗinka yake so.

Malam, an ce mini ina da ciwon hanta, ni kuwa ban taɓa yin shawara ba, ƙarfina ma ya fi na abokaina. Yaya haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ciwo, domin mai yin ta yawanci gaskiya yake faɗa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya zama a jikin mutum shekara ashirin ko fiye ba tare da idonsa ya yi rawaya ko sau ɗaya ba. Kamaru tana cikin ƙasashen da cutar ta yi yawa, arewacin ƙasar kuma yana cikin inda ta fi kamari. Yawancin masu ɗauke da ita a yankinmu sun kamu ne tun suna jarirai ko ƙananan yara, daga uwa lokacin haihuwa, ko ta askar wanzami da kayan kaciya da tsaga da ba a tafasa ba. Ba shaidar lalata ba ce, kuma ya kamata iyaye su ji wannan da kyau kafin su fara zargin yaro. An sa rigakafinta cikin alluran yara a Kamaru a 2005, don haka wanda aka haifa kafin nan, ko wanda ba a kammala masa alluransa ba, yana iya kasancewa ba shi da kariya.

Gwajin da ake yi ana rubuta shi AgHBs. Idan ya nuna akwai, sai a sake shi bayan wata 6. Babban mutum da ya kamu kwanan nan, fiye da kashi 90 cikin 100 jikinsa yana korar ƙwayar da kansa, gwajin ya koma babu. Wanda ya kamu tun yana jariri kuwa akasin haka ne, kusan kashi 90 cikin 100 ƙwayar takan zauna. Idan bayan wata shida tana nan, to ta zauna ke nan, kuma a nan ne masu sayar da magani a jarka suke cin kasuwarsu, suna alkawarin cewa cikin mako uku gwaji zai koma babu. Ba zai koma ba, wasu haɗe-haɗen ma hantar suke ƙara gajiyarwa. Maganin asibiti irin su tenofobir yana danne ƙwayar ya kare hanta daga lalacewa, amma da wuya ya goge AgHBs daga jini. Wanda yake cikin wannan hali ya nemi likitan hanta domin ransa, ba domin kakin soja ba, ya kuma sa a gwada 'yan ɗakinsu da matar da zai aura.

Ga wanda gwajinsa ya nuna babu, ya yi rigakafin allura uku. Sai dai kada ya yi allurar a makonni biyu ko uku na gab da gwajin soja, domin ita kanta allurar tana iya sa AgHBs ya nuna akwai na 'yan kwanaki, a kayar da shi a banza.

An ga jini a fitsarina. Shi ke nan na faɗi?

Ba lallai ba. Yaron da ya tashi yana wanka a Binuwai ko a tafkin Lagdo, ko yana aikin shinkafa a Maga da Yagwa, abu na farko da za a zarga shi ne tsargiya. Alamarta ɗigon jini a ƙarshen fitsari, ko da yake wani lokacin jinin bai kai ido ya gani ba, sai na'ura. A wasu ƙauyukan har ana ɗaukar ta alamar balaga, abin da ba haka ba ne ko kaɗan. Maganinta furazikwantel, ana auna shi da nauyin mutum, a sha a yini guda, sannan a sake gwajin fitsari bayan wasu makonni. Abin takaici ne a ce saurayi ya yi asarar shekara guda saboda cutar da ake kashewa da 'yan ƙwayoyi.

Ni AS ne. Wannan sikila ce?

A'a. Mai sikila shi ne SS, wanda ya gaji abin daga uwa da uba duka, kuma babu rundunar da za ta ɗauke shi, domin horon kansa na iya kashe shi. Mai AS ya gaji rabi ne kawai, kuma yawanci yana rayuwarsa ba tare da ya san yana da shi ba. Sojan Amurka ba ya hana mai AS shiga, amma yana sa ido a kansa, saboda an tabbatar cewa gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya sa tsokarsa ta narke ya faɗi farat ɗaya. A garin da zafin Maris da Afrilu yake haura digiri 40, wannan ba gargaɗin wasa ba ne. Ka yi gwajin da ake kira elektoroforez ka san matsayinka, ka riƙa hawa horo a hankali, ka sha ruwa sosai, kuma kada ka yi gudun gwaji da zazzaɓi a jikinka.

Gwaiwa da basur da haƙora fa?

Duka ana gyara su. Gwaiwa, ko ta hanji ce ko ta ruwa, aiki ne da ake yi a manyan asibitocin jihohi, amma tana bukatar watanni kafin wurin ya yi ƙwarin ɗaukar jaka da bindiga, don haka a yi ta da wuri, a kuma riƙe takardar likitan da ya yi aikin. Kunya ce take hana yawancin samari zuwa, sai ranar da aka tuɓe su a gaban likita abin ya fito. Haƙori a cike shi ko a cire shi tun kafin lokaci.

Ina gani sarai, amma an ce ban iya bambance launuka ba.

Ana gwada wannan da littafin Ishihara, wanda shafukansa ɗige-ɗige ne masu launi da lamba a ɓoye a ciki. Mai wannan matsalar gadonta ya yi, yawanci ja da kore ne suke rikice masa, maza ta fi kamawa, kuma babu tabarau ko magani da ke gyara ta. Wasu sukan haddace lambobin shafukan, likitoci kuwa sun san da haka, suna juya jerin. Ƙarfin gani shi ana auna shi kashi goma ne, 10/10 shi ne cikakke, kuma ana duba kowane ido shi kaɗai. Game da kunne, wanda ya taɓa yin sanƙarau yana yaro, ko wanda kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa, ya je a auna jinsa tun yanzu, domin mutum yana iya rasa rabin jin kunne ɗaya bai sani ba.

Idan na daina shan tramol mako guda kafin gwaji, za a gane?

Tambayar ba ta gwaji ba ce kaɗai. Wanda jikinsa ya saba da tramol, in ya daina dare ɗaya, zufa da rawar jiki da gudawa da rashin barci ne za su biyo baya, kuma haka zai tsaya a gaban likita, bugun zuciyarsa da tansiyonsa duk sun hau. Wanda ya sha domin ya ji ƙarfin gudu kuma, ya sani cewa ƙwayar tana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, kuma wanda ya faɗi yana shure-shure a filin gwaji ya gama da maganar soja. A sansanin horo ba za ka samu ba, can ne jikin zai tona asiri. Dainawa tana bukatar watanni da taimakon ma'aikacin lafiya, ana rage ta kaɗan-kaɗan.

Ina da asma tun ina yaro, amma ta yi shekaru ba ta tashi ba. In yi shiru?

Ramin ƙarya ƙurarre ne, a nan kuma ƙurewar tana iya zama ta numfashi. Ƙurar hunturu, da hayaƙi, da gudu da kaya a sanyin asubar Ngaundere, duk abubuwa ne da ke tayar da asmar da ta kwanta. Wanda ya ɓoye aka gano daga baya, ana sallamarsa bayan ya riga ya bar sana'arsa ko karatunsa. Abin da ya fi shi ne ka je a yi maka awon huhu, ka riƙe sakamakon, ka faɗi gaskiya idan an tambaye ka. A ƙa'idar Amurka ma, asmar da ta tsaya kafin yaro ya cika shekara 13 ba ta hana shiga, wadda ta wuce nan ce take bukatar sassauci.

Malam, ɗana ya faɗi a gwajin jini, sai wani ya zo ya ce yana da hanya a Yawunde, a ba shi sefa 500,000 a gyara takardar. Har na yi niyyar sayar da saniya.

Hajiya, ki riƙe saniyarki. Irin wannan mutumin yakan karɓi kuɗin gidaje da yawa bai kai wa kowa komai ba. Idan yaron wani gida ya ci da ƙoƙarinsa, sai ya ce aikinsa ne, waɗanda suka faɗi kuma ya ce musu wani babba ne ya sa nasa, su jira baɗi. Ko da a ce akwai wanda zai taɓa takardar, ai bai taɓa jinin yaron ba, cutar tana nan, kuma ana iya sake duba lafiyar kurata bayan sun isa sansani. Ban da haka, dokar hukunta laifuffuka ta Kamaru tana kama mai bayar da cin hanci kamar yadda take kama mai karɓa. Hukumar yaƙi da cin hanci ta CONAC, wadda aka kafa a 2006, tana da layin kira kyauta, 1517. Kuɗin nan kuwa, ƙaramin kaso daga cikinsu ya isa a kai yaron wurin likita a san ainihin abin da ke jikinsa.

Ƙanena ya sami katin zama a Amurka, yana son shiga sojansu, amma yana da tarihin rashin lafiya. Yaya ake bi?

Da farko, sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin ne yake shiga sojan Amurka, kuma ba a shiga daga Garwa ko daga ofishin jakadanci. Duk shafin Facebook da ya ce yana ɗaukar 'yan Afirka daga gida, na 'yan damfara ne. Shi da yake can, zai fara da jami'in ɗaukar kurata na rundunar da ya zaɓa, ya cika takardar tarihin lafiya, sannan a tura shi cibiyar tantancewa da ake kira MEPS. Tun 2022 cibiyoyin suna amfani da wata manhaja mai suna Genesis wadda take jawo bayanan asibitoci da na magungunan da aka taɓa rubuta wa mutum a Amurka, saboda haka ɓoyewa ta yi wuya, kuma shiga soja da ƙarya laifi ne a dokar sojansu.

Idan aka ce bai cika sharaɗi ba, jami'in ne zai tura bukatar sassauci zuwa ga likitocin rundunar. Abin da ke ƙarfafa bukatar shi ne takardu: rahoton aikin da aka yi masa, sakamakon gwaji na kwanan nan, da shaidar ƙwararren likita cewa ya daɗe ba ya shan magani kuma yana motsa jiki ba matsala. A nan ne ku na gida za ku taimaka, ku nemo masa tsohon karnen asibitinsa, wato ɗan littafin da likita yake rubutu a ciki, da rahotannin da aka rubuta da Faransanci, ya sa a fassara su zuwa Ingilishi. Amsar tana iya ɗaukar makonni ko watanni. Kowace runduna da nata masu hukunci, shi ya sa sojan ƙasa suna iya karɓar wanda sojan sama suka ƙi. Akwai kuma cututtukan da a 2025 aka rufe ƙofar sassauci a kansu baki ɗaya, irin su gazawar zuciya da farfaɗiyar da ke kan tashi.

Abu ɗaya da ke yawan rikita 'yan ƙasarmu a can shi ne gwajin tarin fuka na fata. Allurar BCG da aka yi mana muna jarirai, mai barin tabo a hannu, tana iya sa gwajin ya nuna kamar akwai cutar. Ya faɗa musu an yi masa ita, ya nemi a yi masa gwajin jini, wanda allurar ba ta shafarsa.

Rundunar baƙi ta Faransa fa, an ce su ba ruwansu da takardu?

Gaskiya ne ba sa neman takardar makaranta, amma a kan lafiya ba su da wasa. Rundunar, wadda aka kafa a 1831, tana ɗaukar mutane ne a cikin Faransa kawai, mai nema shi zai kai kansa da bizarsa da kuɗin jirginsa, kuma dole shekarunsa su gaza 40. Ana tantancewa a Obanye kusa da Marsai, kwantiragin farko na shekara 5 ne, kuma yawancin masu zuwa ana mayar da su. Wanda aka kayar a Marwa saboda hanta ko ido, abin nan zai tarar yana jiransa a can bayan ya kashe dukiyar gidansu.

'Yan mata masu neman shiga sojan Kamaru ma haka gwajin yake?

Haka yake, da ƙarin gwajin ciki. Juna biyu hani ne na ɗan lokaci. Abin da ya fi damun 'yan mata shi ne ƙarancin jini, wanda ake gyarawa da ƙwayoyin ƙarin jini da maganin tsutsar ciki da abinci mai kyau, amma yana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin awon ya hau.

Yaushe ya kamata in fara, kuma da me?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata shida kafin lokacin da kake sa ran gasa shi ne mafi ƙaranci, domin shi ne tsawon da maimaita gwajin hanta yake bukata, shi ne kuma tsawon maganin tarin fuka. Ka je babban asibitin jiha a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, ko reshen Cibiyar Pasteur da ke Garwa, ka nemi a yi maka AgHBs, da gwajin ƙanjamau, da elektoroforez, da awon yawan jini, da suga kafin karin kumallo, da fitsari, da hoton ƙirji. Idan kuɗin bai isa duka lokaci guda ba, fara da na hanta da na fitsari, sauran su biyo baya wata-wata. Ka sa a auna tansiyonka sau biyu ko uku a ranaku daban-daban kana zaune ka huta, domin tsoron likita kaɗai yana ɗaga shi, kuma a ranar gwajin soja ka guji goro da kofi da abin sha mai ƙara kuzari. Duk sakamakon da aka ba ka, ka yi masa kwafi biyu, ka tabbatar sunan da ke kansa da ranar haihuwa sun yi daidai harafi da harafi da abin da ke kan takardar haihuwarka da katinka na ɗan ƙasa.